Yadda nake auna Fassarar Saba'in idan ta saɓa da Ibrananci

A ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da nake koyarwa a Sabon Tasha, an sha tambayata me LXX ke nufi a ƙasan shafi. Fassarar Saba'in ke nan (LXX saba'in ne a lambobin Romawa), wato Tsohon Alkawari da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka juya zuwa Girkanci, domin 'ya'yansu sun daina jin Ibrananci sosai.

Ka fara da tace labarin asalinta. Wani tsohon rubutu da ake kira Wasiƙar Aristiyas ya ce Sarkin Masar Batalimus na biyu, wanda ya rasu a shekara ta 246 kafin haihuwar Almasihu, ya gayyato dattawa 72 daga Urushalima, shida daga kowace kabila, suka gama aikin cikin kwana 72. 'Yan baya kuma suka ƙara gishiri, wai kowa ɗakinsa daban aka rufe shi amma suka fito da rubutu iri ɗaya sak. Ni ba na koyar da wannan a matsayin tarihi. Abin da ke da tushe shi ne, Attaura kaɗai aka fassara a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sauran littattafan suka biyo baya a hankali, daga hannun mutane daban-daban.

Saboda haka kada ka yanke mata hukunci a dunƙule. Duba littafin da kake ciki. Masu fassara Attaura sun bi Ibrananci sau da ƙafa. Mai fassara Karin Magana ya sake jiki, Ayuba kuwa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida.

Idan ka ga saɓani, kada ka yi saurin ɗora wa mai fassara laifi. Nemi shaida ta uku, wato naɗaɗɗun littattafan Kumran da aka fara ganowa kusa da Tekun Gishiri a 1947, waɗanda suka girmi sanannen kwafin Ibrananci na Leningrad na wajen shekara ta 1008 da shekara dubu. Buɗe 1 Sama'ila 17:4. Ibranancin da aka saba da shi ya ce tsawon Goliyat kamu shida ne da taƙi, Girkanci ya ce huɗu da taƙi. Kwafin Kumran huɗu ya ce, haka ma Yosifus ɗan tarihi. Irmiya ma ya fi gajarta a Girkanci da kusan kashi ɗaya cikin takwas, aka daɗe ana zargin an yanke shi, sai ga guntun Ibrananci a Kumran mai bin gajeren tsarin. Ashe wani kwafi ne daban a gaban masu fassarar. Haka za ka warware wa ɗalibi dalilin da Istifanus ya ce mutum 75 a Ayyukan Manzanni 7:14, alhali Farawa 46:27 ta ce 70: lissafin Girkanci ya bi.

Sai dai ka kula, kwafin Fassarar Saba'in mafiya tsufa da suka kusa cika, irin na Batikan da na Sina'i, na ƙarni na 4 bayan haihuwar Almasihu ne, kuma Kiristoci ne suka kwafe su. Kafin nan Orijin, wani malamin Kirista, ya riga ya jera ta gefe da gefe da wasu fassarorin Girkanci, na Akila da Simakus da Tiyodotiyon, har gyare-gyarensa suka malala cikin wasu kwafin baya.

Lambobin Zabura ma suna rikita sabon shiga. Girkanci ya haɗe ta 9 da ta 10, don haka idan Zabura 23 kake nema, buɗe ta 22.