Yadda za ku sa gurup ɗin WhatsApp ya amfane ku a karatun JAMB

Duk shekara da lokacin JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ya matso sai ka ga yaran unguwarmu a nan Tudun Wadan Gombe sun buɗe gurup wai za su yi karatu tare, kwana uku ana ta turo tambayoyi, a na huɗu an koma musun Madrid da Barcelona da bidiyon TikTok. Ni ina koyar da lesin da yamma, na ga haka ya fi a ƙirga kuma wallahi abin yana min ciwo, don wayar nan ba ƙaramin malami ba ce in an iya riƙe ta. Toh ƙannena ga yadda muke yi.

Da farko kar ku tara jama'a. Mutum 10 zuwa 15 sun isa, kuma masu darussa iri ɗaya, ɗan sayans da ɗan sayans. Ku samu admin ɗaya mai tsare gida ya shiga setin ya kulle gurup ɗin yadda shi kaɗai zai iya rubutu, sai bayan isha'i ya buɗe, ƙarfe 8 zuwa 9 da rabi, ya sake kullewa. Wannan kullewar ita ce rabin aikin.

Sannan dole a samu babba a ciki, malami ko wani yayanku da ke jami'ar jihar Gombe ko ta Kashere ko kwalejin ilimi ta FCE, wanda zai riƙa duba amsa. Na taɓa ganin yaro ɗaya ya turo aikin lissafi da kuskure a layi na biyu, kowa ya kwafa ya zuba masa godiya, sai bayan sati da na karɓi littattafansu na ga duk sun faɗa rami ɗaya, ka ga da ba a duba ba haka za su shiga jarrabawa da shi. Shi ya sa dokarmu ita ce kowa ya yi aikinsa a takarda da biro, ya ɗau hoto ya turo, ba a yarda da "amsa C ce" kawai ba. Akwai wata yarinya da wayar mamanta take shiga, gilashin duk ya tsage, amma in ta yi mana bayanin Kemistiri da murya na minti biyu har waɗanda suka fi ta waya sai sun sake saurara.

Ku riƙa sa wa kanku lokaci. JAMB tambaya 180 ce a awa 2, Ingilishi 60, sauran darussa ukun 40-40, in ka raba kowace tambaya sakan 40 take da shi. Admin ya turo tsofaffin tambayoyi 15 ya ce minti 10.

Maganar data kuwa, ku kashe saukar hoto da bidiyo da kansu a WhatsApp, darasin YouTube kuma a sauke shi lokacin da data ke araha a kalla daga baya, ka rubuta abin da ka fahimta, don kallo ba karatu ba ne. In TikTok ya fi ƙarfinka ka cire shi sai bayan jarrabawa, ba inda za shi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne masu shigowa su ce suna da ekspo, wato amsoshin jarrabawa na sata, ko za su ƙara maka maki in ka tura kuɗi. Ƴan damfara ne, ka buloke su nan take, kar ka ba kowa lambar NIN ɗinka ko fasuwod ɗin imel da ka yi rajista da shi. Haka duk wanda ya ɗauki lambar yarinya a gurup ya bi ta da saƙon dare, admin ya cire shi ba sai an yi shawara ba, iyaye sun ba mu amana ne.

Kuma tunda daga 2015 JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake rubuta ta, danna waya bai isa ba, ku haɗa kuɗi ku je kafe, wato shagon kwamfuta, ko da sau ɗaya a sati kowa ya zauna gaban kwamfuta ya riƙe linzami har hannunsa ya saba.