Darasi Na Tara: Yadda Waya Ke Gane An Karkatar Da Ita Ko An Girgiza Ta

Duk mai riƙe da babbar waya ya san cewa idan ya kwantar da ita a gicciye yana kallon bidiyo, hoton yakan juya ya cika fuskarta ba tare da ya taɓa komai ba. Abin da ke yin wannan aiki wata 'yar na'ura ce a cikin wayar, wadda ba ta kai ƙwayar wake girma ba, ana kiranta akselaromita, wato ma'aunin motsi. Wayar iPhone ta farko, wadda ta fito a 2007, tana cikin waɗanda suka sa mutane suka saba da ita, kuma a yau da wuya a sami babbar waya da ba ta da ita.

Domin a fahimci aikinta, a ɗauki ƙwarya a zuba mata ruwa zuwa rabi. Idan aka karkatar da ƙwaryar a hankali, ruwan zai gangara gefe guda ya tsaya a can. Idan kuwa aka jijjiga ta da ƙarfi, ruwan zai riƙa dukan wannan gefe da wancan, har ya fantsama. A cikin na'urar akwai wani ɗan nauyi da ido ba ya iya gani, an rataye shi da siraran maɗaurai, kuma yana yin irin abin da ruwan nan ya yi. Wayar tana auna gocewarsa ta fuska uku: dama da hagu, sama da ƙasa, gaba da baya, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya.

Karkata ita ce mafi sauƙin ganewa, saboda ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta a kowane lokaci, kuma masana sun auna cewa saurin abin da ke faɗowa yana ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Idan waya tana tsaye, jan yana bin tsawonta. Idan ta kwanta a gefe, sai ya koma faɗinta. Da wannan kaɗai take sanin inda ƙasa take. Shi ya sa idan aka shimfiɗa ta a kan tabarma, fuskarta na kallon sama, hoton ba ya juyawa ko da an jujjuya ta, domin jan ƙasa yana ratsa bayanta ne, bai karkata zuwa tsawo ko faɗi ba.

Girgiza tana da nata sharuɗɗa. Mai tsara manhaja yakan gindaya cewa sai ƙarfin motsin ya wuce jan ƙasa sosai, kuma ya je ya dawo fiye da sau ɗaya cikin ɗan gajeren lokaci, kafin a ɗauke shi a matsayin umarni. Da ba a yi haka ba, da duk wanda ya hau babur a kan hanya mai gargada wayarsa ta yi ta aiwatar da abin da bai sa ta ba, kuma har yanzu hakan na faruwa jefi-jefi a cikin aljihu. A wayoyin Motorola da yawa, sara iska da waya sau biyu yana kunna tocila, a iPhone kuma girgiza tana ba da damar soke abin da aka rubuta bisa kuskure. A ganina na tocilar ya fi amfani, musamman idan an ɗauke wuta.

Akwai na'ura ta biyu, jairoskof, mai auna saurin juyawa, wadda ta shiga iPhone 4 a 2010, amma wasu wayoyi masu araha ba su da ita.

Aikin gwaji

Kowane ɗalibi ya ja fuskar wayarsa daga sama zuwa ƙasa, ya nemi alamar juyawar fuska ya kunna ta. Ya buɗe hoto ɗaya, ya karkatar da wayar sannu a hankali, ya lura da daidai inda hoton ya juya. Sannan ya shimfiɗa ta a kan benci ya jujjuya ta, ya faɗa wa malami abin da ya gani da dalilinsa.

Mai manhajar neman alƙibla ya buɗe ta, ya riƙe wayar a shimfiɗe a tafin hannunsa, nesa da ƙarfe da lasifika, domin wannan manhaja tana dogara ne da wata na'ura mai jin maganaɗisun ƙasa. Idan kibiyar tana rawa, ya kaɗa wayar a iska kamar yana rubuta lamba 8 sau uku ko huɗu, sannan ya sake dubawa. Kafin kowace girgiza, a riƙe wayar da kyau, kuma a tabbata babu kowa a kusa da hannun.