Yadda Ake Neman Izinin Yin Mashiga da Kwalbati a Ƙofar Gida a Garuruwan Bakin Kogi

Duk wanda ya gina gida a bakin hanya a garuruwan da ke gaɓar kogi, irin su Wudil da Ringim da Auyo da Haɗeja, ba ya daɗewa sai ya buƙaci mashigar da mota ko amalanke za ta bi daga titi zuwa ƙofar gida, musamman da kaka, lokacin da ake kwaso shinkafa daga fadama. Abin da aka saba yi shi ne a sayo tifa ɗaya ko biyu ta jar ƙasa a juye a cikin lambatu a daddaɓe. A nan ake fara kuskure, domin filin da ke tsakanin katangar gida da kwalta ba na maigidan ba ne, ko da kuwa iyalinsa ne suke share shi kowace safiya. Na hanya ne, kuma ta nan ruwan sama yake neman mafita, shi ya sa hukuma take da ta cewa a kansa.

Abu na farko shi ne mutum ya san hanyar ta wace ce, saboda mai hanya shi ne mai ba da izini. Idan ta tarayya ce, kamar wadda ta tashi daga Kano ta ratsa Wudil ta nufi Maiduguri, an keɓe mata mita 45.72, wato ƙafa 150, daga tsakiyarta zuwa kowane gefe, kuma duk aikin da zai shiga wannan fili sai an kai takarda ofishin kwanturolan ayyuka na tarayya da ke babban birnin jiha. Idan ta jiha ce, ma'aikatar ayyuka ake nufa. Hanyoyin burji da na cikin gari kuwa galibi suna hannun ƙaramar hukuma, kuma sashen ayyuka da ke sakatariya shi ne wurin zuwa. Wanda bai tabbata ba ya fara da sakatariyar, domin can ce kusa, kuma su za su nuna masa inda zai dosa.

Daga nan sai a haɗa takardun fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a yankunan karkara, saboda haka takardar ƙaramar hukuma, ko aƙalla takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci, ita ce za a fara tambaya. Idan garin yana cikin wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni, to maganar ta koma hannun hukumar tsara birane, wadda a Kano aka fi sani da KNUPDA, kuma dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta wajabta neman izini kafin a yi gini a kan fili. Da yawa suna ganin kwalbati ba gini ba ne tunda babu ɗaki babu rufi, amma a idon injiniya duk abin da ya sauya hanyar ruwa gini ne.

Kafin a rubuta wasiƙa, yana da kyau a je wa mai unguwa, a kuma shaida wa maƙwabta na sama da na ƙasa. Amincewarsa ba ita ce izinin hukuma ba, kuma kada wanda ya ruɗi kansa da cewa "ai mai unguwa ya sani". Amfanin zuwa wurinsa shi ne shi da dattawan unguwa sun san inda ruwa yake tsayawa a shekarar ambaliya, sanin da babu shi a kowace taswira. A garinmu na ga wani bawan Allah da ya cike lambatun ƙofar gidansa da rani, ya binne bututun roba wanda bai fi kaurin cinya ba. Da marka ta sauka a watan Agusta, kara da leda suka toshe bakin bututun cikin dare ɗaya, ruwa ya ja da baya ya cika zauren maƙwabcinsa na sama, katangar ƙasa ta jiƙe ta zube a kan rumbu. Da aka zauna a gaban dagaci, tsohon da aka yi wa ɓarnar bai ce komai ba sai, "Ranka ya daɗe, ruwan nan tun zamanin mahaifina ta nan yake wucewa." Aka sa mai mashigar ya haƙe cikonsa da hannunsa, ya kuma tayar da katangar, ga kuɗin tifa ya tafi a banza.

Wasiƙar neman izini ba ta son tsawo. A rubuta sunan mai nema da unguwa da hanyar da gidan yake kallo, a faɗi faɗin mashigar da irin abin hawan da zai riƙa bi ta kai, domin kwalbatin da zai ɗauki babur da amalanke ba shi ne zai ɗauki motar da aka loda wa buhu ɗari na shinkafa ba. A haɗa da kwafin takardar fili da zane mai nuna katanga da lambatu da bakin kwalta da inda ruwa yake gangarawa. Mai zane ko safiyo zai yi shi cikin yini guda. Bayan an miƙa, jami'i zai zo ya duba wurin, kuma wajibi ne maigida ya kasance a tsaye tare da magininsa, don abin da aka faɗa ya shiga kunnen wanda zai yi aikin. Kuɗin da ake biya ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Abin kula shi ne a biya ta hanyar da hukuma ta tsara a karɓi rasit, sannan a jira amincewa a rubuce mai hatimi. Izinin baka yana tafiya ne tare da jami'in da ya furta shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Sharuɗɗan da ake gindayawa kusan duk a kan ruwa suke. Bakin kwalbati kada ya kasa faɗin lambatun da ya tarar, kuma a ra'ayina, a garin bakin kogi kada a sa zoben kwalbatin da faɗin bakinsa ya gaza santimita 60, domin ƙasa da haka ba a iya yashe shi idan ya cika da yashi. Gindinsa ya yi daidai da gindin lambatu tare da ɗan gangare zuwa inda ruwa yake tafiya, a kuma yi masa kafaɗa ta kankare a baki biyu don kada ruwa ya zaizaye cikon. Inda lambatun ginanne ne, murfin kankare da ake iya ɗagawa ya fi wanda aka zuba gaba ɗaya. Saman mashigar kuma kada ya kere bakin kwalta har ya riƙa juye ruwa da laka a kan titi.

Yankin kogin Haɗeja yana da nasa ƙarin lura. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyinsa da dama, kuma ambaliyar 2022 ta nuna wa mutanen Jigawa cewa ruwa yana iya kaiwa inda ba a taɓa tsammani ba. Saboda haka ba a yanka jingar da aka yi don kare gari a ce za a fitar da mashiga, komai ƙanƙantar yankan. Idan kuma mashigar za ta tsallaka magudanar noman rani, kamar yadda ake samu a Kura da Bunkure da Auyo, sai an nemi yardar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, domin magudanan nata ne. Waɗanda suke zuwa fatauci Legas sun ga yadda gwamnatin can ta rushe manyan gidaje a yankin Lekki na bakin teku a 2023 saboda sun hau kan hanyar ruwa. Hujjar da aka kafa a can ita ce za a kafa wa mai kwalbati a ƙauye.

Idan takarda ta fito, a yi aikin da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da lambatu ya bushe. Kafin a kafa diga a tambaya ko akwai bututun ruwan famfo ko wayar sadarwa a binne, kuma kada a matsar da turken wutar lantarki sai da sanin kamfanin KEDCO. Kwaɓin da aka saba shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, tare da rodi a cikin murfin. A riƙa ba kankaren ruwa safe da yamma har kwana 7, kuma a hana mota mai kaya hawa kansa sai ya cika kwana 28, ko da direban ya rantse sau ɗaya kawai zai bi. Bayan an kwance katakon da ya tallafe kankaren sai a gayyaci jami'in da ya duba wurin tun farko ya zo ya ga an bi zanen, ya sa hannu a kan kwafin maigida, sannan a adana wannan kwafi da rasit a cikin leda tare da takardar fili, a wuri mai tudu da laima ba ta kaiwa.