Yadda za ku haɗa ayarin yaran unguwa su riƙa zuwa makaranta a ƙafa

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin Adaidaita Sahu ya fi ƙarfin iyaye da yawa, shi ya sa da safe za ka ga an loda yara kusan goma a napep ɗaya, biyu a gefen direba, na baya wani kan cinyar wani, jakunkuna na reto a waje, kuma wallahi wata makarantar ba ta wuce tafiyar minti 15 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. To in makaranta kusa take, gara ku haɗa yaran layinku su tafi tare da babba. A Japan ma haka 'yan firamare da yawa ke tafiya rukuni-rukuni, ba don iyayensu ba su da mota ba.

Ku fara da gida huɗu ko biyar, a buɗe guruf a WhatsApp a raba kwanaki, yau Maman wane gobe Baban wane. Manya biyu ake so, ɗaya gaba ɗaya baya, ƙanana a tsakiya. Kar a ce wai babbar yaya 'yar aji shida ta isa, ita ma yarinya ce.

Kafin ranar farko ku bi hanyar da ƙafarku, kuma da ƙarfe bakwai na safe, don titin da ka gani shiru da azahar ba shi ne na safiya ba. Ku duba kwatar da ba murfi, inda ruwa ke kwanciya da damina, inda masu kayan miya suka cinye gefen titi. Lungu ya fi babban titi ko da zagaye ne. In akwai gadar masu tafiya a ƙafa a hau ta, ko yara sun yi ƙorafin matakala.

Wajen tsallaka titi nan ne aikin yake. Motocinmu hannun dama suke bi, don haka in ba wurin tafiyar ƙafa sai a bi gefen hagu ana fuskantar motar da ke tahowa. Za a tsallaka, kowa ya tsaya cak, a duba hagu, a duba dama, a sake duba hagu, sannan fa a tuna da masu babur da ke bin hannun da ba nasu ba, su ne ba a tsammani. Ban da gudu, ban da fitowa ta bayan motar da ta faka. Babban da ke gaba ya samu rigar nan mai ɗaukar ido irin ta 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci a Kano, tana amfani sosai lokacin hunturu da hazo ke rufe gari, yara kuma a sa musu takunkumi saboda ƙura.

Waɗanda gidansu ke da nisa a haɗa su mota ɗaya maimakon kowa ya fito da tasa. Manyan yara keke ya ishe su in birki na ci kuma akwai hular kwano. Mai mota in ya zo ƙofar makaranta don Allah ya kashe inji, salansa daidai hancin ɗan nazare take, shi ke shaƙar hayaƙin.

Sai ku kai maganar taron iyaye da malamai, makaranta ta rubuta wa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a nemi zanen tsallakawa da tudun rage gudu, don bai kamata mota ta wuce kilomita 30 a awa a gaban makaranta ba. Lambar gaggawar FRSC 122 ce, duk mai rakiya ya ajiye ta a waya.