Yadda nake shuka Swiss chard daga iri a bayan gida, nan Jos

Salam 'yan uwa. Duk wacce ta leƙa bayan gidanmu sai ta tambayeni wannan ganyen mai jan kara da mai ruwan ɗorawa meye sunanshi, to Swiss chard ne, haka yake rubuce a jikin fakitin irin, mu dai a gida alayyahun Turawa muke ce mishi. Jinsinshi ɗaya da bitirut, sai dai shi baya yin ƙwallo a ƙasa, ganyen da karan ake ci.

Mu 'yan Jos Allah ya bamu abinda ganyen nan yake so. Garin yana kan tudu wajen mita 1,200, sanyin da yasa kabeji da karas da latas suke cika kasuwar Farin Gada shi dai yake nema. Ni nafi shukawa da ruwa ya ɗauke, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, yayi ta girma cikin hunturu ina bashi ruwa. Da damina ma yana yi amma ruwan Yuli da Agusta na sa mishi ɗigo-ɗigon tabo a ganye, sai kin ɗaga kunya sosai yadda ruwa bazai kwanta ba. 'Yan Abuja kuma ku nema mishi inda inuwa ke sauka da azahar saboda zafin Maris.

Ƙasa tukunna. Ki kafta ta tayi laushi, ki tsince duwatsu, ki haɗa da kashin kaji ko na shanu wanda ya daɗe ya ruɓe, ɗanye kam ƙona tsiron zaiyi. Ina watsa toka kaɗan saboda jar ƙasarmu tana yawan yin tsami shi kuma baya son hakan. In gidan haya kike ba fili, buhun shinkafa ko bokitin fenti ya isa, ki huda ƙasan, tushe ɗaya a kowanne.

Yanzu ki buɗe fakitin ki duba irin da kyau, dan nan ne mutane da yawa basu gane ba. Zaki ganshi da kaushi kaman ƙarangiyar da aka cire wa ƙaya, to wannan ba ƙwaya ɗaya bace, dunƙule ne, a ciki akwai 'ya'ya biyu ko uku wani lokaci ma fiye. Shiyasa ba'a watsa shi yadda muke watsa alayyahu. Ki jiƙa a ruwa da dare, da safe ki saka ɗai-ɗai, zurfin gaɓar yatsa, wajen santimita 2, ki rufe da ƙasa mai laushi ki ɗan danna da tafin hannu. Tsakanin rami da rami santimita 30, ni rular yara ta makaranta nake ɗauka in auna. Sai ki yayyafa ruwa da gwangwanin da aka hudawa ƙasa, kar ki kwara da bokiti ya tono irin. Sati ɗaya zuwa biyu zaki ga tsiro, in sanyin Disamba yayi tsanani yakan ɗan yi nawa, kiyi haƙuri kawai kar ƙasar ta bushe.

Da sun fito zaki ga uku-uku a rami ɗaya, gwanin sha'awa, kuma wallahi anan zuciya ke hana mutum ragewa. Shukata ta farko na barsu duka saboda tausayi, suka tashi sirara suna ƙwacen abinci, ganyen ko tafin hannu bai kai ba. Dan Allah ki rage. In sunyi ganye uku ko huɗu ki zaɓi mai ƙarfin ki barshi, sauran ki datse da almakashi daidai ƙasa, kar ki fizge dan saiwarsu a sarƙe take zaki girgiza wanda kika bari. Waɗanda kika datse ba asara bane, ki wanke ki zuba a kwaɗo.

Ruwa kullum da safe, a gindi ba akan ganye ba, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye dan iskar hunturu na shanye danshi da wuri. Kaji da tsuntsaye kuwa tsohon gidan sauro ne maganinsu. In kika ga wani farin zane a cikin ganye kaman an bi da allura, tsutsa ce a ciki, ki cire ganyen ki kai shara can nesa. Ƙananan ƙwarin da ke maƙalewa a bayan ganye kuma ina daka ganyen dogonyaro in jiƙa ya kwana, in tace, in sa ɗan sabulu in fesa da yamma.

Kwana 50 zuwa 60 kin fara yanka. Kar ki tumɓuke shi fa, ki riƙa yankan manyan ganyen waje daga gindi ki bar na tsakiya, biyu ko uku daga kowane tushe, bayan sati zaki dawo ki tarar wasu sun taso, haka zaki yi ta ci wata da watanni in kina ƙara ɗan taki lokaci-lokaci. Tushe goma ya ishi gidanmu.

Ina saka shi a miyar taushe da ta agushi, amma a gwaten acca yafi burgeni. Ki yanka karan daban ki fara zuba shi dan yafi daɗewa kafin ya nuna, ganyen sai kin kusa saukewa. In a gidanki akwai mai fama da tsakuwar ƙoda ko mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, a tambayi likita kafin ya yawaita ci, ganyen nada bitamin K sosai da sinadarin da ke taimakawa tsakuwa ta taru.