Yadda Ake Gwada Tasirin Feromon a Kan Koyon Ƙamshi a Malam-Buɗe-Littafin Dare

Feromon sinadari ne da tamatar malam-buɗe-littafin dare take saki cikin iska domin kiran namiji, kuma na farko da aka gano tsarinsa shi ne bombykol, wanda Adolf Butenandt ya tace daga tamatan ƙwaron siliki kusan 500,000 a Jamus a shekarar 1959. Aikin feromon bai tsaya ga kira ba. A jinsin Spodoptera littoralis, mai ɓarnar ganyen auduga a Afirka, an nuna cewa namijin da ya ɗan shaƙi feromon yakan fi saurin amsa shi har washegari. Wanda yake son ya ga ko wannan sauyi yana shafar koyon ƙamshin fure, ga yadda zai bi.

A fara da ware maza daga mata tun suna cikin kwasfa, kafin su fito da fukafukai, a ajiye su a ɗaki dabam, domin namijin da ya riga ya shaƙi tamata ya ɓata gwajin tun ba a soma ba. Kwanakinsu su zo ɗaya, kuma kada a sa wanda ya yi barbara, saboda a jinsin Agrotis ipsilon sabon fitowa ba ya kula feromon sai ya balaga, wanda ya yi barbara kuma yakan daina amsawa har dare na gaba. A hana su abinci na ɗan lokaci, a yi aikin a lokacin darensu ƙarƙashin jar fitila.

Sai a zura kowane ƙwaro cikin siririn bututun roba yadda kansa kaɗai zai leƙo, eriyarsa, wato 'yan ƙahonin da yake jin ƙamshi da su, a sake, bututun bakinsa kuma a naɗe kamar gammo. A raba su gida biyu: rukuni ɗaya a hura masa feromon na 'yan daƙiƙoƙi, ɗayan a hura masa irin ruwan da ake narkar da sinadarin a ciki kawai, ba tare da feromon ba. Bayan an jira, a ɗiga ƙamshin fure irin su geraniol ko linalool a takardar tacewa, a hura shi ga eriyar, kafin ƙamshin ya ɗauke a taɓa ƙwaron da ruwan sukari a bakin tsinke, a bar shi ya tsotsa. A maimaita sau da dama da tazarar mintoci, ana zuƙe ragowar ƙamshi daga wurin. Duk ƙwaron da ya warware bakinsa da jin ƙamshi kafin sukari ya iso, ya koya. A sake gwada shi da ƙamshi zalla bayan awa 1, sannan bayan awa 24.

Wurin da ya fi bukatar natsuwa shi ne fassarar sakamako, kuma a ganina nan ne mai gaggawa yake yaudarar kansa. Idan rukunin feromon ya fi warware baki, wannan bai isa hujjar cewa ƙwaƙwalwarsa ta fi riƙo ba, don mai yiwuwa kwaɗayin sukari ne ya ƙaru, ko kuwa ƙwaron ya zama mai zabura ga kowane ƙamshi. Saboda haka a auna amsarsa ga sukari mai ƙarfi daban-daban, a gwada shi da baƙon ƙamshin da ba a koya masa ba, a kuma ajiye rukuni na uku da ake ba ƙamshi da sukari a lokuta mabambanta. Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin ƙwaƙwalwar namijin: saƙon feromon yana shiga wani keɓaɓɓen sashe na cibiyar ƙamshi, na fure yana shiga sassan da ke gefensa, kuma sassan suna da jijiyoyin da suka haɗa su, don haka ɗayan yana iya taɓa ɗayan tun kafin a kai ga koyo. Mai rubuta sakamako kada ya san rukunin da kowane ƙwaro ya fito, sai an gama ƙidaya.