Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran magudanar ruwa da ta zaizaye a Maraɗi

Ƙasar Maraɗi rairayi ce, garin kuma a kan tudu yake tun da ambaliyar 1945 ta sa aka taso daga kwarin Gulbi. Duk ruwan da ya sauka a watan Agusta gangara yake nema, da gudu kuwa. Shi ya sa ƙaramar magudana a lambun shaƙatawa ko filin unguwa kan rikiɗe ta zama kwazazzabo kafin a ankara, ta ci hanya, ta tone saiwar itatuwa.

Abin da aka fi yi shi ne a mayar da ramin juji, wai ana cike shi. Shara ba ta riƙe ƙasa. Ruwan farko zai kwashe leda da tarkace ya toshe bakin gada a ƙasa, ya malale gidajen mutane. Buhunan yashi sun fi shara, amma rana na cinye su, na wucin gadi ne.

Sai masu zuwa inda gefe ya rufta su tsaya nan. Kwazazzabo baya-baya yake ci: ruwa ya faɗo daga tsayi, ya ƙwaƙule gindi, saman ya karye, kan ramin ya matsa sama. A bi magudanar har kanta, a sassabe wurin ya zama gangara mai sauƙi, a shimfiɗa tsakuwa sannan duwatsu. Daga nan ake farawa a sauko.

Siminti na burge ido, magina ma sun fi son sa. Amma katangar da aka tsayar cak a kan rairayi, ba tushe mai zurfi, ba ƴan kafofin da ruwan bayanta zai tsiyaye, ruwa zai bi ta ƙarƙashi ya kayar da ita. Kuma daɓen siminti ƙara wa ruwa gudu yake, inda daɓen ya ƙare nan sabon rami ke farawa.

Ragar waya da ake cikawa da duwatsu, gabiyon, ita ce ta dace da ƙasarmu, don tana barin ruwa ya tsiyaye, yashi ya kwanta a bayanta. To amma a nan ne ake ɓata aiki. Wasu kan gina shinge ɗaya dogo da ita a gicciye cikin magudanar suna so su tsayar da ruwan ɗungum, kamar mai tare bijimi da ƙirji. Ƙanana da yawa ake so, kowane kada ya kai mita guda a tsaye, a jera su yadda saman na ƙasa zai yi daidai da gindin na sama. Tsakiyar shingen ta fi gefuna gajarta, don ruwa ya bi ta nan. In saman ya miƙe sambal, gefe zai kewaya. A nutsa gindinsa cikin ƙasa, a cusa hannayensa biyu cikin gaɓa. Abin da aka fi mantawa: shimfiɗar duwatsu a inda ruwan ke faɗowa. In babu ita, shingen da kansa zai kife cikin ramin da ruwa ya tona. Duwatsun kuma su fi idon ragar girma.

Dasa dogon yaro a bakin gaɓa ba ya hana zaizaya, saiwarsa ma ake gani a waje. Ciyawa ce ke ɗaure rairayi: gamba da jema, a dasa su layi-layi a gicciye, kusa da kusa. Sabara ko kalgo da suka tsiro da kansu a bar su. A yi shingen ƙaya, in ba haka ba awakin unguwa sun samu kiwo.

Aikin dutse da rani ake yi, dashe kuma sai ruwa ya zauna. Bayan kowane babban ruwa a zagaya a ɗaure wayar da ta tsinke, a tsince leda. Yashin da ya taru bayan shinge shi ne ribar aikin, don haka a yi magana da mai unguwa da ma'aikatar magajin gari su hana masu amalanke ɗibarsa.